Kafin a zuba sukari, a binciki tushen ɗacin

Jaririn da aka haifa yau, wanda ko nono bai kai ga kamawa ba, in aka ɗiga masa ruwan sukari a harshe sai fuskarsa ta saki, ya shiga tsotsar leɓe. A ɗiga masa ruwan kwinin kuwa, maganin zazzaɓin nan mai tsananin ɗaci, nan take zai yamutsa fuska, ya wage baki, ya turo harshe waje. Wani mai bincike, Jacob Steiner, ya ɗauki hotunan jarirai suna haka tun a shekarun 1970. Ba wanda ya koya musu. Da ƙin ɗaci ake haihuwar ɗan Adam, kuma jiki ya yi wa abin tanadi na musamman. Zaƙi ƙofa guda ce take karɓar saƙonsa a harshe, shi kuwa ɗaci ƙofofi wajen 25 aka ware masa, waɗanda masana suka fara ganowa a shekarar 2000. Ruwan kwinin sai an sirka shi ninki dubu fiye da ruwan sukari kafin harshe ya daina jin sa.

Duk yawan ƙofofin nan, saƙo ɗaya suke aika wa ƙwaƙwalwa: dakata, kada ka haɗiye. Ba sa faɗin mene ne a bakin, ballantana su ce zai kashe ko zai warkar. Ganye mai amfani da tsiro mai guba ɗanɗanonsu na iya zuwa ɗaya. A nan ra'ayina ya tsaya, a kan ɗacin baki da ɗacin rai baki ɗaya. Aikin ɗaci shi ne ya tsayar da mutum har a bincika. Mu kuwa, a gida da ofis da gwamnati, binciken ne muke tsallakewa. Wani lokaci mu ɗaukaka ɗacin mu ce ai magani ne, wani lokaci mu lulluɓe shi da zaƙi don a daina jin sa.

Na farkon ya fi saurin kai mutum kushewa. Kusan ko'ina a duniya akwai tsohon tunanin nan cewa iya ɗacin abu iya ƙarfinsa wajen wanke ciki. Dangin duma da kabewa da kokwamba suna da wani sinadari na kare kai daga dabbobi, kukurbitasin, wanda manoma suka yi ƙarnuka suna zaɓen iri har suka kusa kawar da shi. Yakan dawo idan shuka ta sha fari da zafin rana, ko idan an ajiye iri daga gonar da ta yi barbara da dumar daji. Dahuwa ba ta kashe shi. A 2010 wani masanin kimiyya a Delhi ya sha ruwan duma mai ɗaci, wanda wasu ke sha can saboda ciwon sukari, ya rasu. Hukumar binciken lafiya ta Indiya ta kafa kwamiti, shawarar da ta fito kuma ko yaro zai iya bi: a yanki ɗan guntu a ɗanɗana kafin a matse, in da ɗaci a zubar da duka. A 2015 wani dattijo ɗan shekara 79 a kudancin Jamus ya ji ɗacin wata 'yar kabewa da aka noma a lambun gida, ya daure ya ci, ya cika a asibiti. Alamun ba sa jinkiri: murɗawar ciki, amai da gudawa, wani sa'in har da jini, sai jini ya sauka mutum ya galabaita. Haka dankalin turawa da ya yi kore ko ya fara tsiro. Wani sinadari mai guba, solanin, ne ya taru a ɓawonsa, tafasawa kuma ba ta raba shi da shi. A fere da kauri, in har yanzu da ɗaci ko yana ƙona maƙogwaro, a zubar.

Rashin ɗaci ma ba shaidar lafiya ba ne. Ruwan da ake zubawa a lagireto don kada ya daskare zaƙi gare shi, kuma yana lalata ƙoda. Shi ya sa masana'antu suka koma aron ɗaci. A 1958 wani kamfanin haɗa magunguna a Edinburgh, yana neman maganin kashe zafi, ya ci karo da denatoniyam, abu mafi ɗaci da aka sani, wanda kashi 10 cikin miliyan ya isa ya sa mutum ya tofar. Yau ana zuba shi a ruwan lagireto da sinadaran wanke-wanke, ana shafa shi a ƙananan batura masu kama da maɓalli. Dabara ce mai kyau a takarda. Sai dai da aka bi bayanan cibiyoyin guba a Amurka, a jihohin da suka wajabta zuba shi a ruwan lagireto, ba a ga raguwar yaran da ke sha ba. Yaro ya riga ya kurɓa kafin harshe ya kai rahoto. Murfi mai wuyar buɗewa da ajiya inda hannu ba ya kaiwa sun fi ɗaci aiki.

Kuma ba kowa ke jin sa daidai ba. A 1931 wani masanin sinadarai a Amurka, Arthur Fox, garin wani sinadari ya tashi masa a ɗakin gwaji, abokin aikinsa ya yi ta ƙorafin ɗaci, shi kuwa bai ji komai ba. Daga baya aka gano gado ne, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu ba ya jin ɗacin wannan sinadarin, gwargwadon al'ummar da aka gwada. Don haka wanda ya ce «ni dai ban ji ɗaci ba» gaskiyarsa ya faɗa, amma bai ƙaryata wanda ya ji ba. A riƙe wannan, za a buƙace shi a gaba.

Akwai inda ɓoye ɗaci shi ne daidai, wato maganin yara. Yara sun fi manya jin ɗaci, kuma maganin da yaro ya tofar ko ya amayar tamkar ba a ba shi ba ne. Iyaye da yawa kan daka ƙwaya su zuba a cikakken kofin madara, nan kuwa kuskure biyu ne a haɗe. Ƙwayar da aka yi wa rufi, rufin ne ke tsare ɗacin, wata kuma an yi ta ne don ta narke sannu a hankali a ciki, to dakawa na sakin maganin gaba ɗaya lokaci guda. Sannan in yaro ya sha rabin kofin ya ture, ba wanda ya san nawa ya shiga. A tambayi mai ba da magani ko ƙwayar tana dakuwa. In tana dakuwa, a haɗa ta da abin da bai wuce cokali ɗaya ba, a bi ta da abin sha. Na ruwa a ɗura shi da sirinji mara allura ta gefen kumatu, kaɗan-kaɗan. Sanyaya harshe da ɗan abu mai sanyi kafin a ba da shi yana rage jin ɗacin. Kamfanoni ma sun gane haka, a makare: sai a 2009 aka fito da maganin zazzaɓin cizon sauro na yara mai narkewa a ruwa da ɗan zaƙi, wani sabon na ƙanjamau mai ɗanɗanon 'ya'yan itace kuwa ya fito a 2020. Abin da ya halatta zaƙi a nan shi ne an san abin da ke ciki, an auna shi, an tabbatar yana da amfani. Binciken ya riga ya gudana kafin a kawo sukari.

To me ya haɗa wannan da zuciya? Harsuna da yawa da ba su haɗa dangi ba sun aro ɗaci don su siffanta abin da wanda aka zalunta yake ji, kuma da alama jiki ne ya ba su aron. A 2009 masu bincike a Jami'ar Toronto suka manna wa mutane na'urar auna motsin tsokar fuska. Tsokar da ke ɗaga leɓen sama ta yamutsa hanci ta motsa lokacin da suka sha abu mai ɗaci, ta kuma motsa lokacin da aka raba dala 10 aka miƙa musu ɗaya, mai rabon ya riƙe tara. Kada dai a ja zancen ya wuce inda ya tsaya. An taɓa yayata wani gwaji na 2011 da ya ce shan abu mai ɗaci na sa mutum ya tsananta hukunci a kan laifin wasu, amma da aka maimaita shi da mutane masu yawa a ɗakunan gwaji daban-daban, sakamakon bai tsaya da ƙafarsa ba.

Wanda ya fi kowa bin diddigin ɗacin rai a asibiti shi ne Michael Linden, likitan ƙwaƙwalwa a Berlin. Bayan haɗewar Jamus a 1990, hukumar da aka ɗora wa sayar da kamfanonin gwamnatin tsohuwar Jamus ta Gabas ta karɓi kamfanoni sama da 8,000 masu ma'aikata kusan miliyan 4, kuma kafin ta nannaɗe tabarmarta a 1994 fiye da rabinsu sun rasa aiki. Shekaru bayan haka Linden ya riƙa ganin marasa lafiyar da ba su dace da kowane suna da ke littafi ba. A 2003 ya siffanta ciwon. Abu ɗaya ne ya faru da mutum, irin wanda ke faruwa kullum, kora daga aiki ko saki ko cin amana ko wulaƙanci a gaban jama'a, mafi yawa a wurin aiki. Abin ya taɓa ginshiƙin da ya kafa rayuwarsa a kai, misali cewa wanda ya yi aiki tsakani da Allah ba zai taɓe ba. Daga nan tunanin ya riƙa faɗo masa ba sallama, wata shida, shekara, shekara goma. Ya daina bi ta titin da ofishin yake. Barci ya ƙaura. In ana hirar wani abu daban lafiya lau yake, har da dariya, amma da an taɓo zancen sai ya birkice, kuma fuskarsa kan washe in ya hango ramuwa. Magungunan ciwon damuwa ba su cika yi masa aiki ba. Sau da yawa ma ba ya son a warkar da shi, don a ganinsa warkewa na nufin azzalumin ya ci bulus.

Wannan ya bambanta da fushi, mai tashi ya sauka, ya kuma bambanta da baƙin cikin rashi, wanda ba lallai a sami mai laifi a cikinsa ba. Ɗacin rai sai abu biyu sun haɗu: an cuce ni, kuma ba yadda zan yi. Na biyun ne ke hannun hukumomi, shi ya sa nake ganin maganar ta jama'a ce, ta wuce ɗakin likita.

Dubi yadda aka saba tarbar mai ƙorafi. Ya zo da takardunsa, fanshonsa ya maƙale, ko an yi wa matarsa aiki an bar kuskure, ko an tsallake shi a ƙarin girma. Kalmar farko da zai ji ita ce «ka yi haƙuri». Haƙuri abu ne mai daraja, ba mai musun haka, amma dukiyar wanda aka cuta ce, shi ke da ikon bayarwa ko hanawa. Idan wanda ya yi cutar ne ke raba haƙuri tun kafin ya faɗi abin da ya faru, ya mai da shi murfin tukunya. Bayan haƙuri sai «dawo mako mai zuwa», sai «fayil ɗin yana teburin oga», sai kwamitin da ba a sa masa rana ba, sai wasiƙar da ke cewa «idan har an ɓata maka rai, muna ba da haƙuri». Wannan «idan» ɗin kaɗai ya isa ya mai da mai ƙorafi abokin gaba na har abada, don an gaya masa a fakaice cewa matsalar a ransa take.

Hukumomi na yin haka ne don tsoron shari'a, lauyoyinsu sun ce kada a amsa komai. Hujjar da ke ƙasa ba ta goyi bayan tsoron ba. A 1994 wani mai bincike, Charles Vincent, da abokan aikinsa a Ingila suka tambayi mutum 227 da suka kai ƙarar asibiti dalilinsu. Diyya na ciki, amma tare da ita akwai son a yi musu bayanin abin da ya faru, da son kada a sake yi wa wani, da son wani ya ɗauki alhaki. A 2001 asibitocin Jami'ar Michigan suka sauya salo. In an yi kuskure su faɗa wa mara lafiya da bakinsu, su bincika, su nemi gafara, su yi tayin diyya tun bai nema ba, in kuma bincike ya nuna ba su yi kuskure ba su tsaya a kan bakansu. Rahoton da aka buga a 2010 ya nuna ƙararrakin da ake kai su kotu sun ragu da fiye da rabi, lokacin warware magana kuma ya sauko daga kusan wata 16 zuwa ƙasa da shekara. Shiru ne ke kai mutane wurin lauya, don nan ne kaɗai za a tilasta a buɗe fayil.

Wani lokacin ma mai ɗacin ran shi ne kaɗai ke faɗin gaskiya a cikin ginin. A Birtaniya, tsakanin 1999 da 2015, an gurfanar da masu kula da ƙananan gidajen waya sama da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, alhali wata manhajar kwamfuta mai suna Horizon ce ke nuna giɓin kuɗin da babu shi. Da yawansu in sun kira neman taimako sai a ce musu su kaɗai ne ke da wannan matsalar. Wasu sun sha ɗauri, wasu sun sayar da gidajensu sun biya bashin da ba su ci ba, wasu sun mutu kafin a wanke su. Sai a 2024 majalisa ta yi dokar soke hukuncin. Shekaru ana kallon su a matsayin mutane masu naci da riƙo. Manyan da ke sama ba su ji ɗacin komai ba, kuma suka ɗauki rashin jinsu hujja.

Yadda ya kamata a yi, mai sarrafa rogo ya riga kowa sani. Rogo mai ɗaci yana ɗauke da linamarin, wanda ke zama gubar sayanaid, kuma manoma da yawa a Afirka da Kudancin Amurka da gangan suke shuka shi, don ƙwari da ɓarayi ba sa damun sa. Gubar da sinadarin da ke kwance ta a ɗakuna daban-daban suke a cikin saiwar. Sai an fere, an gurza ko an jiƙa kwana uku zuwa huɗu har ya yi laushi, sannan su haɗu, gubar ta zama iska ta fice. Daga nan a matse, a shanya ko a soya. In aka yi gaggawar kai shi wuta, zafi ya kashe sinadarin da ke kwance gubar, ita kuma ta zauna daram. Ma'aunin da hukumomin abinci na duniya suka amince da shi a garin rogo shi ne kada gubar ta wuce miligiram 10 a kilo guda. Garin da ake shakka a kansa ma akwai dabarar da wani masanin sinadarai, Howard Bradbury na Ostireliya, ya fito da ita: a kwaɓa shi da ruwa, a baza shi kaurin bai wuce santimita ɗaya ba, a bar shi awa biyar a inuwa ko awa biyu a rana. Matsala na zuwa ne lokacin fari da yaƙi, in yunwa ta sa aka mai da kwana uku kwana ɗaya. A 1981 a lardin Nampula na Mozambik mutum sama da 1,000 suka wayi gari ƙafafunsu sun sandare, ciwon da ake kira konzo, wanda ba ya warkewa. Sulhun «a taru yau a yafi juna» irin wannan gaggawar ce. An kai zance wuta tun bai fito fili ya sha iska ba.

A aikace abin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Mai ƙorafi ya sami amsa cikin 'yan kwanaki cewa takardarsa ta iso, da sunan mutum ɗaya da zai riƙa tuntuɓa, don maimaita labari a tebur biyar kansa wulaƙanci ne. A zauna da shi ya faɗi nasa daga farko har ƙarshe ba a katse shi ba, a rubuta, a karanta masa ya tabbatar haka ya ce. A tambaye shi me yake so, a nan ake shan mamaki, don wani gyaran layi ɗaya a fayil yake nema. Wanda ake ƙorafi a kansa, ko ubangidansa na kusa, kada ya zama mai yanke hukunci. A sa rana, in ranar ba za ta yiwu ba a faɗa kafin ta zo. Hukunci ya fito a rubuce da dalilansa, ko da bai yi wa mai ƙorafin daɗi ba. Binciken da wani masani, Tom Tyler, ya daɗe yana yi a kan kotuna da 'yan sanda a Amurka ya nuna mutane na karɓar hukuncin da bai ba su gaskiya ba matuƙar sun ga an saurare su, ba a yi son kai ba, ba a kuma ci mutuncinsu ba. In an yi laifi a kira shi da sunansa, a biya abin da ya kamata, a faɗi abin da aka canza. Sannan wani ya riƙa jera ƙorafe-ƙorafen wuri ɗaya yana kwatantawa. Mutum uku da ba su san juna ba in suka kawo kuka iri ɗaya, tsarin ne abin tuhuma.

Za a ce ai ba kowane mai ɗacin rai ke da gaskiya ba. Haka ne. Akwai wanda aka kora bisa laifinsa kuma har ya mutu yana ganin an zalunce shi. Akwai 'yan siyasar da jarinsu kenan, su tono ciwon kakanni su yi ta zuba masa gishiri, don ranar da ya warke kasuwarsu ta watse. Shafukan sada zumunta kuma sun fi tura wa mutum abin da ke tayar masa da hankali, tunda shi ke riƙe shi a kan waya. Amma duk wannan hujja ce ta a bincika, don ba wata hanyar rarrabe mai gaskiya da mai ruɗin kai sai an buɗe fayil. Kuma ƙungiyar da ta saba amsa ƙananan koke a kan lokaci ba ta bar wa ɗan tsokana abin kamawa da yawa ba.

Saura wanda aka cuta kuma ba wanda zai saurare shi, ko mai laifin ya mutu, ko kamfanin ya rushe. Shi ma akwai abin yi. Ya rubuta abin da ya faru sau ɗaya, da ranaku da shaidu, ya adana, don ƙwaƙwalwa ta huta da gadin labarin. Ya yanke tun farko me zai ishe shi, kuma ya binciki wa'adin shigar da ƙara a inda yake, don kusan kowace doka tana da shi. Ya sani shari'a mai tsawo tana sa a yi ta maimaita ciwon shekara da shekaru, wani ya ci shari'ar amma ya rasa aurensa da lafiyarsa a hanya. In wata shida ta wuce barci bai dawo ba, yana kauce wa wurare da mutane, ko tunanin ramuwa ko na hallaka kansa ya fara zama masa abokin hira, lokacin ganin likita ya yi. Hanyar da Linden da abokansa suke bi ba ta neman mutum ya yarda cewa ba a zalunce shi ba. Labarin wani ake ba shi, ƙagagge, misali ma'aikacin da ya yi wa kamfani bauta shekara 25 aka sallame shi aka ɗauki yaro. A ce ya yi magana da bakin ma'aikacin, sannan da bakin manajan da ya sa hannu, sannan da bakin yaron da aka ɗauka, sannan ya faɗi shawarar da dattijuwa mai hankali za ta bayar, da yadda abin zai kasance bayan shekara goma. Sai ya saba juya matsalar wasu ta kowace fuska, a zama da yawa, kafin a matso kusa da tasa.